Fatawar da Ta Cinye Layin Hajja

Ni na raka Hajja sayen wayar, ni na yi cinikin, ni kuma na ce mata halal ne. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don kada wani ya ji ina zagin mutane a gaba ya ɗauka hannuna a wanke yake.

Lokacin ina shekara ta uku a sashen shari'a na kwalejin mata a Alƙahira. Maigidana yana digirinsa na uku, muna haya a unguwar Faisal, hawa na biyar, gidan da ba lifta. Shekarar da ta biyo bayan juyin juya halin Masar ce, 'yan sanda sun yi ƙaranci a titi, masu babur suna fizge waya daga kunnen mutum yana tsakiyar amsa sallama. A mikrobas kuwa, ƙananan motocin hayarsu, kowace mace jakarta tana rungume a ƙirji.

Hajja Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a can, zangon ya zame musu gida. Rikici ya koro ta zuwa Masar ita da 'yarta mai ciwon zuciya, suka kama ɗaki ɗaya a unguwar Ard al-Liwa. Godo-godo take damawa tana sayarwa, wato furarsu ta can, kuma ita ta haɗa mu, don duk ranar da kewar gida ta taso mini wajenta nake zuwa in sha. Ta haife ni da nisa, amma Ustaza take ce mini. In daɗi ya kama ta sai ta ce bitti, wato 'yata.

Shekara huɗu Hajja tana jiran kiran waya guda ɗaya. Ta yi rajista a ofishin 'yan gudun hijira, an yi mata tambayoyi iri-iri, takardunta sun kai matakin da za a kira ta ganawar ƙarshe, a ga ko za a kai su wata ƙasa inda za a yi wa 'yar aiki. Ofishin ba ya aiko wasiƙa, ba ya aiko ɗan saƙo. Lambar da ke kan fayil ɗinka ita ake kira. Ita kuwa wayar Hajja ta gama mutuwa, an ɗaure batirin da roba, da ta yi ƙara biyu sai ta ɗauke. Ni na dame ta. Na ce, "Hajja, wannan abin ba waya ba ne, wahala ce. Ranar da za su kira ki ranar za ta ba ki kunya."

Muka je wani ɗan shago a babban titin Faisal. Na yi ciniki har mai shagon ya ce wa Hajja wannan 'yar taki za ta kashe mini kasuwa. Aka ba mu ƙaramar waya ja mai ƙarfin batir. Kafin mu fita ya jawo wani littafi, ya ce takardar garanti ce, ya rubuta sunan Hajja da lambarta da irin wayar. Ni da bakina na karanta masa lambar, har na maimaita masa don kada ya yi kuskure.

Kwana biyu bayan nan, ina zaune a ɗakinta da kofin godo-godo a hannu, jar wayar ta yi ƙara. Hajja ta zabura har ta ture ludayi. Ta saurara, ta saurara, sai na ga kafaɗunta sun sauka. Ba ofishin ba ne. Ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce, "Ustaza, wani ne wai inshorar waya. Ya san sunana, ya san ja ce, ya san shagon. Na ce masa na ji ana cewa inshora haramun ce, amma ga malamata a kusa."

Na karɓa ina gyara zama. A makon nan muka gama babin ciniki da sharuɗɗansa, kaina cike yake fal, ina neman wanda zan juye wa.

Muryar namiji ce, mai sanyi, ta mutumin da ba ya sauri. Ya yi sallama cikakkiya, ya yi salati, ya ce masha Allah, ashe da 'yar ilimi zai yi magana. Ya ce kamfaninsu yana aiki da shagunan waya, duk wanda ya sayi sabuwa suna kiransa. In an sace wayar za su ba da wata cikin kwana ɗaya, kuma su dawo wa mutum da layinsa, lambarsa ɗin nan dai, ba tare da ya yi yawon ofis ba. Na lura da fuskar Hajja lokacin da na maimaita mata wannan. Ba wayar ce ta dame ta ba, layin ne.

Na ce masa, "Tsaya tukuna. Inshora akwai gharar a cikinta, mutum yana biyan kuɗi a kan abin da bai san zai faru ko ba zai faru ba. Caca ce da aka sa wa riga."

Ya ce, "Allah ya buɗa miki, ya doktora. Shi ya sa mu ba inshorar kasuwa muke yi ba. Takaful ne, taimakekeniya. Abin da Hajja za ta bayar kyauta ce ga asusun 'yan'uwa, ba farashi ba ne."

Doktora! Ni da ko digirin farko ban gama ba. Wallahi ina jin kalmar na ji kaina yana fasuwa, kuma ban hana shi ba. Na jefa masa tambaya ta biyu: rarar kuɗin fa, wa ke ci? Ya ce ana mayar wa masu asusu a ƙarshen shekara. Na ce ina kuke ajiye kuɗin, ba a bankin ruwa ba? Ya ce a'uzu billahi. Na ce akwai malamai masu sa muku ido? Ya ce kwamiti guda, mutum biyar. Duk inda na ɓullo sai in tarar ya riga ni. Matsiyacin ya yi karatu, ko kuma ya daɗe yana kiran irinmu har ya haddace tambayoyinmu. Na ce ya ba mu kwana uku in duba littattafai. Ya ce wannan shi ne aikin masu tsoron Allah.

Kwana ukun nan su ne abin da ya fi ba ni haushi a duk labarin. Na baje littattafai a tsakar ɗaki. Maigidana ya tsaya kai da fata cewa canza suna ba ya canza hukunci, ni kuma na ce niyyar bayarwa ta raba su. Ya ɗauko nasa littafin, na ɗauko nawa. Muka yi a kan abinci, muka yi a kan matakala muna hawa biyar ɗin nan muna haki. Na kai maganar aji, ƙawayena suka rabu biyu, wata 'yar Sakkwato har ta daina yi mini magana na yini guda. Mutum kusan goma, kowa ɗalibin ilimi, kowa ya san sharuɗɗan ciniki kamar Fatiha. A cikinmu ba a samu mutum ɗaya da ya ce, wai shin kamfanin nan a wane titi yake ba. Ba wanda ya ce a koma shago a tambaya. Da wata tsohuwa mai sayar da tumatir a bakin titi muka tambaya, da kallo ɗaya za ta yi mana ta ce ɓarawo ne. Mu muna can muna auna tsarkin rijiyar da ba a haƙa ba.

Rana ta uku na je Ard al-Liwa da fatawata. Na zauna, na yi bismilla, na yi wa Hajja bayani dalla-dalla, har da maganganun malamai da inda suka saɓa. Ba ta gane rabi ba. Ta ce, "Ni dai, Ustaza, in yi ko kar in yi?"

Na ce, "Ki yi, Hajja. Halal ne. Ni na ɗauki nauyin."

Kuɗin ba wani abu ba ne. Katin waya mai inshorar ya ce a saya a kankare a karanta masa lambobin, ya ce don a sauƙaƙa wa tsofaffi zirga-zirga. Ko wannan bai tada mini hankali ba, sai ma na yaba musu da tausayi. Da a nan ya tsaya, da yau labarin dariya nake ba ku.

Ranar Laraba ya sake kiranta. Ya ce saura abu ɗaya: wakilinsu zai zo ya karɓi wayar, a kai ofis a sa mata na'urar da ke nuna inda take in an sace, awa biyu a dawo da ita. Kuma a bar sim a ciki, don da layin ake haɗa na'urar. Hajja ba wawiya ba ce, jikinta bai ba ta ba. Ta kira ni ina tsakanin darasi da darasi, ina sauri, ana tura ni a ƙofar aji. Ta ce, "Bitti, wai da layin za su tafi."

Na ce, "Haba Hajja, mutanen da muka gama bincikensu? Ba shi mana."

Ita da kanta ta zaɓi lokacin. Ta ce ya zo Alhamis bayan la'asar, lokacin ofishin 'yan gudun hijira ya tashi, Juma'a da Asabar kuma ba aiki, ba yadda za a yi kiranta ya wuce ta. Dubi irin lissafin da baiwar Allah ta yi. Wakilin ya zo a babur, da riga mai tambari, da takarda mai hatimi har biyu. Ya sa wayar a ambulan a gabanta, ya manne, ya ba ta ta dangwala yatsa. Har godo-godo ta dama masa, ya shanye, ya ce bai taɓa shan abu mai daɗinsa ba. Allah ya isa wannan kofin.

Magariba ta yi bai dawo ba. Washegari 'yarta ta ari wayar maƙwabta ta kira ni. Na kira layin Hajja, a kashe. Na kira lambar mai inshorar, a kashe. Na zauna a bakin gado. Maigidana ya buɗe baki zai yi magana, na ce wallahi in ya ce mini dama ya faɗa, yau sai maƙwabta sun raba mu, don shi ma haramun ya ce, bai ce ƙarya ce ba. Ya san gaskiya na faɗa.

Ranar Asabar muka je ofishin kamfanin layin don a rufe sim ɗin a ba ta wani da lambarta. Yarinyar da ke kan tebur ta danna, ta duba, ta ce layin ba da sunan Hajja yake ba, sunan wani mutum ne, sai shi ya zo da katin shaidarsa. Haka kusan dukkanmu muke a lokacin. Baƙon da takardar zamansa ba ta fito ba a teburin bakin titi yake sayen layi, wanda an riga an yi masa rajista da sunan wani da ba ka taɓa gani ba. Nawa ma haka yake. Shekara huɗu rayuwar Hajja da ta 'yarta tana rataye a kan lambar wani bawan Allah da ba mu san ko yana raye ba. Yarinyar ba ta yi laifi ba, ƙa'idarsu ce. Ta ce, "Ma'alish," wato a yi haƙuri.

Daga nan na wuce shagon Faisal, Hajja tana bina tana cewa in yi haƙuri. Ban yi sallama ba. Na ce ya fito da littafin nan. Na ce mutum uku ne suka san an sayi jar waya a nan, ni da ita da kai, to wanne ne a cikinmu ya sayar da lambarta? Ya rantse da Allah, ya rantse da 'ya'yansa, ya ce littafin a kan kanta yake yini, kowa na iya leƙawa. Na ce to don me kake rubuta lambar mutane ka baje ta a kanta kamar tallan gyaɗa? Larabcin aji ya gudu ya bar ni, na koma na kasuwa, da shi ma ya ƙare na ci gaba da Hausa. Mutane suka taru a ƙofa. Wani dattijo ya ce ma'alish ya binti. Mai shagon ya ce ma'alish. Wani mai wucewa da bai san abin da ake yi ba shi ma ya ce ma'alish. A ƙasar nan ko mota ta taka ka, kafin a ɗaga ta sai an ce maka ma'alish. Har yau ban san ko mai shagon yana da hannu ba, kuma har yau ban yafe wa littafinsa ba.

Maganar 'yan sanda ba ta yi nisa ba. Hajja ta ce ita ba ta shiga caji ofis da ƙafarta. Namu fasfo ɗin kuma suna wajen sabunta takardar zama, maigidana ya ce in na je ni za a fara tambaya.

Saura ofishin 'yan gudun hijira, a je a canza lamba a fayil. Ofishin yana can bayan gari, mota uku ake hawa. Hajja ta je ranar Lahadi ta tarar da layin mutane ya zagaye gini, ba ta kai ƙofa ba aka tashi. Ta koma Litinin, ta koma Talata. Rana ta huɗu ta samu shiga, aka ba ta takardar ranar da za ta dawo a gyara mata bayananta, nan da mako uku. Mutane ne dubbai, kowa da tasa matsalar, ba wanda zai tsallake da ita don an sace mata waya.

A cikin mako ukun nan ba abin da nake yi sai kiran tsohon layinta. Ina girki ina kira, ina mikrobas ina kira. A kashe. Ran nan wata ɗaliba sabuwar zuwa, 'yar Bauci, ta tare ni a harabar kwaleji, ta ce an ce ni ce na san hukuncin inshorar waya, wani ya kira ta jiya. Na ce nuna mini lambar. Ta nuna. Lambar Hajja ce. Da ita yake farautar wasu.

Na karɓi wayarta a nan tsaye na kira. Ta shiga. Sallamar nan mai sanyi, da salatin, komai yana nan yadda na san shi.

Na haɗiye duk abin da ke bakina. Na ce ni ce malamar tsohuwar nan ta Ard al-Liwa. Na ce ya riƙe wayar, mun yafe, halak malak. Na ce sim ɗin kawai, ya jefa a ambulan ya ajiye a kowane shago ya ga dama, ba mai tambayarsa komai. Na gaya masa maganar ofishin, na gaya masa ciwon yarinyar. Na ce in wannan ma ya yi masa yawa, to don girman Allah in aka kira ana neman Hajja ya ba da lambata. Ni da ban taɓa roƙon namiji ba, na roƙe shi ina kuka a gaban 'yar ajin farko.

Ya bari na gama tsaf. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Ya doktora, ai ke kika ce halal ne."

Abin da na faɗa masa bayan nan ba zai rubutu ba. Na zagi uwarsa, na zagi wanda ya koya masa salati, na ce Allah ya sa harshen nan ya ruɓe a bakinsa yana raye. Ban san lokacin da ya kashe ba. 'Yar Baucin ta zare wayarta daga hannuna a hankali, ta tafi ba ta ƙara tambayar hukunci ba. Daga ranar layin bai sake shiga ba.

Ranar da aka ce Hajja ta koma ofishin na yashe darasi na raka ta. Ba a barin ɗan rakiya ya shiga, na zauna a gindin katanga cikin rana tare da wasu mata 'yan Habasha. Wajen azahar ta fito. Tun daga tafiyarta na gane. Ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa, ta gyara mayafi, ta ce, "Sun kira, Ustaza."

Sau biyu suka kira. Na farko a kashe. Na biyu namiji ya ɗauka, ya ce bai san mai wannan suna ba. Aka rubuta ba a same ta ba, aka ba wani gurbinta. Fayil ɗin bai mutu ba, an ce mata, amma ya koma cikin masu jira, kuma ba wanda zai iya ce mata sai yaushe.

Na ce, "Hajja, ki zage ni. Don Allah ki ce wani abu."

Ta ce, "In zage ki a kan me, bitti? Ke littafi kika duba. Haka Allah ya rubuta."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Na so ta ɗaga murya, ta ce ke da iyayinki, ke da karatun banzanki. Ba ta yi ba. A hanyar dawowa ma ita ta biya mini kuɗin mota, na hana, ta ture hannuna. Da fasfo ɗinmu suka fito na saya mata wata wayar da layi mai rajista da sunan maigidana, aka sa lambar a fayil ɗinta, ta karɓa ta yi ta sa albarka, kamar ba ni na jawo mata ba. Na ci gaba da zuwa shan godo-godo don rashin zuwan ya fi muni, amma ban ƙara jin daɗinsa ba. Ciwon 'yarta ya yi ta gaba, ta kai ba ta iya hawa matakala sai an huta da ita sau biyu.

Shekara biyu da wani abu muka ƙara a Masar. Na gama, na fito da sakamako mai kyau, har da yabo a darasin ciniki, abin da ya sa na ƙi zuwa karɓar takardar da kaina. Hajja tana nan tana jira.

Ranar da za mu taso gida mun riga mun yi sallama da ita tun jajibiri, amma a filin jirgi zuciyata ta ƙi kwanciya. Mun bar layukanmu ga wasu ɗalibai, sai na ari wayar direban da ya kawo mu. Wajen ƙarfe goma na safe ne, ranar aiki. Ban yi tunanin baƙuwar lamba za ta gani ba.

Ƙara ɗaya ta ɗauka. Ban taɓa jin muryarta haka ba, ta tattaro duk Larabcinta na ofis. Ta faɗi cikakken sunanta, ta ce ita ce, tana ji, ta fara karanto lambar fayil ɗinta da ka.

Na ce, "Hajja, ni ce."

Na ji ta saki numfashi.

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, bitti. Ki gaida mutanen gida. Sauka daga layin, kada su kira su ji ana magana."